"A Yi Mata Fomat Kawai": Gaskiya da Ƙarya Kan Matsalar Ɗora Windows

Da zarar kwamfuta ta cije ana tsaka da ɗora mata Windows, hukunci biyu ake ji a shagon gyara: ko "faifan ajiyarta ya mutu", ko "sai dai a yi mata fomat". Wani sa'in haka ɗin ne. Amma sau da yawa mai kwamfuta yakan yi asarar hotunan biki da takardun makaranta a kan matsalar da ba ta kai ta kawo ba.

Maganar mutuwar faifai ita ta fi yawo. Idan aikin ya tsaya da lamba irin 0x80070570 ko 0x8007025D, galibi fayilolin da ake kwafowa ne suka lalace, kuma wanda ya kamata a fara tuhuma shi ne filashin da ake ɗorawa da shi, wanda ya zaga kwamfutocin unguwa. A sauya filashi mai aƙalla gigabait 8, a sake haɗa shi da Media Creation Tool na Microsoft, a gwada saka shi a wata kafar. In aikin ya ci gaba da tsayawa, kowane karo a wani wuri dabam, a duba RAM. Bayan nan ne zargi ke isa kan faifai.

Haka saƙon da ke cewa ba za a iya ɗora Windows a kan faifan ba saboda tsarinsa GPT ne. Ba abin da ya samu faifan. An tayar da filashin ne ta tsohuwar hanyar BIOS, alhali faifan yana buƙatar UEFI, kuma gyaran bai wuce zaɓi ɗaya a wajen kunnawa ba. Mai gaggawa kuwa sai ya goge faifan kaf don ya mayar da shi MBR. Windows za ta hau, ba shakka, amma kayan ciki sun tafi.

Batun cewa Windows 11 ba ta hawa tsofaffin kwamfutoci kuwa, da gaskiya a cikinsa. Tun fitowarta a Oktoban 2021 tana neman TPM 2.0, da RAM gigabait 4, da wurin ajiya gigabait 64, kuma a ɓangaren Intel galibi daga zubi na 8 zuwa sama. Da yawa daga kwamfutocin hannu da ake shigo mana da su ba su kai ba. Sai dai wasu suna da TPM ɗin, a kashe yake kawai a cikin BIOS, da sunan PTT ko fTPM. Cewa kuma Windows 10 ta daina aiki ranar 14 ga Oktoba, 2025, ƙarya ce. Sabuntawar tsaro ta yau da kullum ce ta tsaya.

Inda ruɗanin ya fi tsada shi ne System Restore, wanda ke nan tun Windows ME a shekarar 2000. Mutane na ɗaukarsa ma'ajiya. Ba ya dawo da takardar da ka goge, ba ya kuma taɓa hotunanka. Aikinsa mayar da fayilolin Windows da saitinta yadda suke a wata rana da ta wuce, manhajojin da aka sa bayan ranar su fita. To, a kwamfutoci da yawa ma a kashe yake zuwa, sai ranar buƙata mutum ya tarar babu ranar komawa ko ɗaya. Kuma bayanansa a kan faifan nan ɗaya suke, tamkar ajiye makullin gaggawa a cikin ɗakin da aka kulle. Ba maganin bairos ba ne, don bairos kan iya ɓuya a cikinsa. In ya ƙi kammalawa da lamba 0x80070005, sau da yawa manhajar kariya ce ta tare shi. A gwada shi ta Safe Mode kafin a ce ya lalace.

In har fomat ɗin ya zama dole, a fara kwashe fayiloli zuwa wani faifan. A kuma bincika ko an kulle faifan da BitLocker, domin makullinsa mai lamba 48 yakan kasance a asusun Microsoft na mai kwamfutar, kuma in babu shi ko Microsoft ɗin ba za ta iya buɗe maka ba.