Yadda ake ɗora wayar radiyo bisa dogon icce

Ƴan uwa manoma da makiyaya, da yawa cikinku suna kukan radiyonsu ba ta kama tashoshin nesa, sai shuu da ƙara. Mutum ya sayi sabon pil, abin bai sake ba. Sau da yawa radiyon lafiyarta lau, ƴar sandar da ke kanta ce ta yi gajarta. Maganar gajeren zango muke yi, wato inda aka rubuta SW da lambobi irin 49, 31, 25 ko 19. Tashar FM ta kusa ba ta bukatar wannan aiki, sandar ta ishe ta.

Akwai wasu mutane a ƙasashen duniya da suka ɗauki radiyo abin sha'awa. Suna da na'urar magana a gida, da izinin gwamnati, suna gaisawa da junansu daga ƙasa zuwa ƙasa. Kowa da lambar kiransa, ta ƴan Nijar da 5U take farawa. Su ne gwanayen rataya waya bisa itatuwa, kuma dabararsu za ta yi mana amfani. Su sai sun auna tsawon wayar daidai: mai magana a zangon mita 40 yana shimfiɗa waya wajen mita 20. Mai saurare kawai ba ruwansa da wannan awo, ba ya kuma bukatar izini. Wayar jan ƙarfe mai riga, mita 10 zuwa 20, ta isa. Abin da ake so shi ne ta yi sama, nesa da kwanon rufi.

Babbar dokarsu ita ce ba a hawa iccen. Wanda ya faɗo daga kan gawo ana gab da shuka, wa zai noma ma iyalinsa? Daga ƙasa ake aikin duka.

A ɗinka ƴar jaka a cika ta da rairai, nauyinta kamar giram 300. Dutse ba shi da kyau, yana fasa kai, yana kuma maƙalewa cikin reshe. A ɗaura ma jakar siririn zaren roba irin na masunta, sauran zaren a sassauta shi cikin bokiti don kada ya sarƙe da ciyawa. A kori yara da dabbobi. Sai a yi lilo da jakar a jefa ta bisa reshe mai kauri, kusa da inda ya fito daga jikin iccen. Da wuya a dace a jifa ta fari, sai an yi haƙuri. Wasu da danƙon harbin tsuntsu suke aika zaren. In jakar ta sauko ta wancan gefe, a kwance ta, a ɗaura igiya mai ƙarfi a bakin zaren, a jawo ta ta bi bayansa. Igiyar ce za ta ɗauki nauyi.

Ga inda mutane suke kuskure: su ɗaure wayar tamau a jikin icce. Icce ba gini ba ne, iska na kaɗa shi. Hadarin farko na damana zai tsinke ta. A ɗaura zoben ƙarfe mai santsi a bakin igiyar, a zura igiya ta biyu cikinsa kafin a ja shi sama. Baki ɗaya na igiya ta biyun shi ke riƙe waya, ɗayan ya sauko ƙasa a rataya masa galan mai rairai. Icce ya kaɗa, galan ya hau ya sauka, waya ta tsira. Tsakanin waya da igiya a sa guntun tiyo na roba, kuma kada wayar ta taɓa ganye, don ɗanyen icce yana shanye abin da ta kamo.

Tsamiya da bedi suna da ƙarfin reshe, amma duhun ganye yana tare jifa. Kuka tana tsirara da rani, ana ganin ko'ina, sai dai reshenta ba abin yarda ba ne, a zaɓi babba. Gawo shi da damana yake zubar da ganye, ƙayarsa kuma tana kama zare. Kada wani ya ce zai sare reshen gawo don hanyar waya. Tun zamanin sarakunan Damagaram ake tsaron wannan icce, ga taki a gona, ga abincin bisashe.

In wayar lantarki ta bi kusa da iccen, a bar shi a nemi wani. Waya ko jiƙaƙƙiyar igiya ta taɓa ta, mai riƙe da ita ya mutu nan take.

Ɗayan bakin wayar a shigo da shi ɗaki, a feƙe rigarsa, a naɗa shi a sandar radiyo. In tashoshi suka hau kan juna, a bar rigar, a naɗa shi hakanan sau biyar ko shida. Da an ga hadari ya haɗu, tun kafin a ji tsawa, a kwance wayar daga radiyo a fitar da bakinta waje, nesa da ɗaki. Dogon icce da doguwar waya duka aradu na son su. In hadarin ya riga ya iso, kada kowa ya taɓa ta sai ya wuce.