Yadda Za Ka Zaɓi Kafireto Don Babur Mai Bugu Biyu

Jama'a, ga kaka ta yi, babura sun fara jigilar riɗi da zoɓo da wake daga ƙauyukan Gagarawa zuwa Gumel da kasuwar Maigatari ta ran Alhamis. Tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayu na 2023 kuwa, kowa ya san lita guda ba abin wasa ba ce. Saboda haka a wannan fitowa za mu yi magana a kan wani ɗan ƙarfe wanda bai fi dunƙulen hannu ba, watau kafireto. Shi ne ke sa babur ya sha mai kaɗan ya daɗe, ko kuwa ya sha da yawa ya mutu da wuri.

Ga abin da ya sa na ɗauko zancen. Bara wani manomi da muke aiki tare ya ba ɗansa kuɗi ya sayo sabon kafireto, domin tsohon yana yoyo. Yaron ya saba kallon masu tseren babur a waya, sai ya sayo babba, wai don babur ya ƙara gudu. A kan kwalta ya yi ƙara mai daɗin ji. Amma ran da suka ɗora buhu biyu suka shiga yashi, sai babur ya yi ta shaƙewa, ya yi zafi, kafin su kai titi inji ya buga. Sai da aka sayar da akuya kafin aka sayi fistan da ringi, aka gyara silinda.

Wane babur muke nufi?

Muna nufin mai bugu biyu, wanda ke ƙona baƙin mai tare da fetur yana fid da hayaƙi, kamar Suzuki AX100 da Jincheng mai kama da shi, da Yamaha AG100 wanda aka fara ƙerawa a 1973 domin aikin gona. Ƙananan janareta da injin feshi na goyo su ma yawancinsu haka suke. Bajaj Boxer da ire-irensa masu bugu huɗu ne, nasu tsarin dabam.

Aikin kafireto

Fetur ba ya ƙonewa sai da iska. Aikin kafireto shi ne ya gauraya su daidai: kimanin kashi 15 na iska da kashi 1 na fetur bisa nauyi, in ana jan kaya kuwa wajen 12 ko 13. A cikinsa akwai maƙogwaro inda iska ke wucewa. Kun ga yadda ruwan kwari yake ƙara gudu in ya zo matsatsi? Haka iska take yi a maƙogwaron nan, gudun nata kuwa shi ke tsotso fetur ta wasu 'yan ramuka da kanikawa ke kira jet.

To, a nan ne yaron ya yi kuskure. In maƙogwaro ya yi wa inji faɗi, iska ba ta gudu sosai sai an murɗa totur har ƙarshe. Babur ɗin tsere mai cc 125 yakan ɗauki kafireto mai faɗin milimita 38, domin kullum injinsa a ƙure yake, kuma silinda da salansa an ƙera su don haka. Namu mai cc 100 bai fi buƙatar milimita 18 zuwa 22 ba. Aikinsa shi ne jan kaya a hankali cikin yashi da giya ɗaya ko biyu, wannan kuwa ƙaramin maƙogwaro ne ya iya shi.

Abin dubawa kafin ka biya kuɗi

1. Tafi kasuwa da tsohon a hannunka. A auna faɗin maƙogwaro ta gefen da ke kama inji, a ba ka daidai da shi.

2. Duba bakinsa biyu. Wani da ƙusa ake ɗaure shi, wani kuwa cusa shi ake yi cikin roba. In bai zauna daram ba, iska za ta riƙa satar hanya, inji ya yi zafi. Kada ka yarda a cike giɓi da leda ko tsumma.

3. Tambayi ko na mai bugu biyu ne. Na mai bugu huɗu yana iya shiga, amma allurarsa da jet ɗinsa an tsara su don wani irin numfashi dabam.

4. Duba hanyar baƙin mai. A wasu babura famfon baƙin mai yana turo shi ta wani ɗan bututu da ke jikin kafireto. In sabon ba shi da wurin sa bututun nan, inji zai yi aiki a bushe, ba zai kai ko'ina ba.

5. Karanta lambar da ke jikin jet na tsohon, ka gwada da na sabon. Ka lura, lambar kamfanin Mikuni da ta Keihin ba ma'auni ɗaya ba ne, ko da sun zo daidai a rubuce. Jabu kuma sun yi yawa, wani ma ba lamba a jikinsa sam. Araha ba ta ado.

6. Kafin duk wannan, tabbata tsohon ya mutu da gaske. Sau da yawa datti ne kawai ya toshe jet, ko allurar fulot ta cinye, shi ya sa yake yoyo. Wanki da ɗan canjin kaya sun fi sayen sabo sauƙi.

Saiti bayan an ɗaura

Sabon kafireto ba ya zuwa da sanin babur ɗinka, sai an daidaita shi. Wuri uku ne ke ba da fetur. Daga silo zuwa kwatan totur, ƙaramin jet ne da sukurun iska. A murɗa sukurun ciki a hankali har ya tsaya, sa'an nan a dawo da shi zagaye ɗaya da rabi, daga nan a nemi inda inji ya fi natsuwa. Daga kwata zuwa kashi uku cikin huɗu, allura ce ke aiki. Yawanci tana da gaɓa biyar; a fara da ta tsakiya. In an sauko da maƙalin ƙasa, allura ta ɗaga, fetur ya ƙaru. Daga nan zuwa ƙarshen totur kuwa babban jet ne.

Fulogi shi ne mashaidi. Bayan tafiya mai ɗan nisa da kaya, kashe inji, ka bari ya huce, ka kwance fulogi ka duba bakinsa. In ya yi launin soyayyar gyaɗa, madalla. In ya yi baƙi da danshi, fetur ya yi yawa, kana ƙona kuɗinka a banza. In ya yi fari kamar toka, fetur ya yi kaɗan, tsaya nan take.

Lalle a kula da wannan na ƙarshe. Saboda tsadar mai, wasu suna sa a rage musu jet fiye da kima. A inji mai bugu biyu fetur yana taimakawa wajen sanyaya fistan, in kuma a tanki kake gauraya baƙin mai, to fetur ne ke kai shi ciki. Wanda ya ƙuntata fetur ya ƙuntata duka biyu. Gara ya ɗan yi yawa ka canja fulogi, da ya yi kaɗan ka canja fistan.

Yanayinmu

Da sanyin hunturu iska takan yi nauyi, inji yana son ƙarin fetur kaɗan. Da zafin bazara kuwa takan yi sauƙi, sai ka ji babur yana nauyin tashi. Saboda haka wanda aka yi wa saiti a ƙuntace a watan Afrilu, ya sake duba fuloginsa a Disamba. Ƙurar ƙasarmu kuma ba ta da tausayi: a wanke soson matatar iska kowane mako lokacin hazo, a ɗan shafa masa baƙin mai, a matse. Kada a cire shi don neman gudu, yashi zai cinye ringi.

Masu gauraya baƙin mai a tanki su riƙa aunawa, kada su yi da ka. In littafin inji ya ce 50 da 1, mililita 20 ke nan a lita guda. In ya ce 25 da 1, mililita 40. A nemi man da aka rubuta wa 2T. A kuma tace fetur ɗin kwalba da ƙyalle mai tsabta kafin a zuba.

Babur ɗin manomi shi ke kai amfanin gona kasuwa, shi ke kai mai naƙuda asibiti da dare. Wanda ya karanta wannan ya karanta wa maƙwabcinsa, musamman samarin da muke aika sayen kaya.