Uwa Na Fadama, Jariri Na Gida: Batun Tatsar Nono A Zabarmari

Garin Zabarmari yana cikin Ƙaramar Hukumar Jere, kusa da Maiduguri, kuma da shinkafa aka san shi. Maza na noma a fadama, mata na gumi da shanya da sheƙa, waɗansu kuma su kai kasuwa. Tun ran 28 ga Nuwamba 2020, da aka kashe manoma a Koshebe, washegari aka binne mutum 43 a garin, mata da dama suka zama su ne uwa su ne uba. Fita neman abinci ta zama musu tilas, alhali ba kowace hanya ce ake bi da goyo ba.

To, a nan ne wahalar take. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shayar da jariri nonon uwa zalla har wata 6, ba ruwa, ba koko. Amma idan uwa ta fita tun hantsi yaro ya ɓarke da kuka, kaka ba ta da abin da za ta miƙa masa sai ruwan randa. Ba mugunta ba ce, tausayi ne, domin a ganinta zafin Barno ya fi ƙarfin jinjiri. Sai dai kusan kashi 88 cikin ɗari na nono ruwa ne, watau ya isa kashe ƙishirwa ko a bazara. Ruwan randa kuwa yakan zo da gudawa, kuma mutanen Jere ba su manta da kwalarar da ta ɓarke a sansanin Muna a 2017 ba.

Abin da ma'aikatan lafiya ke koyarwa shi ne uwa ta tatse nononta ta bari a gida. Ba sai da injin tatsa na kanti ba, wanda kuɗinsa da wankinsa duk nauyi ne. Hannu ya isa. Za ta wanke hannu da sabulu, ta ɗauraye kofi mai murfi da tafasasshen ruwa, ta sa babban yatsa a saman baƙin nonon, manuni a ƙasa, ta danna wajen ƙirji, ta matsa ta saki. Akan ɗauki minti 20 zuwa 30 ana sauya nono. Ranar farko ba ya zuwa da yawa, kuma nan ne mata da yawa kan karaya su bari. Amma nono kamar rijiya yake, gwargwadon ɗiba gwargwadon tsattsafowa.

Ajiya ita ce babbar magana. Nonon da aka tatsa yana kai awa 4 a ɗaki mai sanyi-sanyi, kwana 4 a firji. Firji kuwa ba abin dogaro ba ne a yankin da aka taɓa yanke wa wutar lantarki wata da watanni a 2021. Saboda haka a rufe kofin, a ajiye shi gindin randa, a ba yaro da wuri. Ba a tafasa shi, sai dai a tsoma kofin cikin ruwan ɗumi. A ba shi da ƙaramin kofi, yana zaune a cinya yana kurɓa da kansa, ban da bulumboti mai wuyar wankewa.

Har ila yau akwai abin da malamai za su so a kiyaye. A mazhabar Malikiyya, nonon da ya isa cikin yaro a shekarunsa biyu na farko yana haramta aure, ko da a kofi ya sha. A gidan da kishiyoyi ko faccaloli ke jego lokaci guda, wajibi ne kowace ta yi wa kofinta alama, mai reno kuma ta san na wane ne.