Gidan Kallon Ƙwallo a Azare: Wa ke Cin Ribar Taron?

Wasan da ake takawa da ƙarfe uku na ranar Asabar a Ingila, mutumin Landan ba ya ganinsa kai tsaye a talabijin ɗin gidansa. Tun shekarun 1960 aka hana nuna ƙwallo a wannan lokaci a can, don kada jama'a su ƙaurace wa filayen ƙananan ƙungiyoyi. Matashin Azare kuwa yana kallonsa daga busa usur har tashi, a zaune kan benci ƙarƙashin rumfar kwano, muddin yana da kuɗin shiga kuma janareta bai yi gardama ba. Da hunturu wasan kan faɗo ƙarfe huɗu agogonmu, ana idar da sallar La'asar ke nan. Wanda ke biye da shi kan yi karo da Magariba, na gasar zakarun Turai kuma sai bayan Isha'i, a tashi wajen sha ɗaya na dare. Waɗannan lokuta su ne suka tsara kasuwar ci da sha da ta kewaye gidajen kallo, daga cikin garin Azare har Gamawa da Giyaɗe da tsohon garin Katagum na bakin kogi.

A biranen Turai da Amurka, inda ake taruwa kallon wasa mashaya ce. Ba a karɓar ko sisi a bakin ƙofa. Mai gida yana biyan kuɗin tashar wasanni mai tsada, ya jera manyan talabijin, don ya san wanda ya zauna awa biyu zai sha kofi bayan kofi, ya haɗa da soyayyen dankali ko fukafukin kaza. Ƙwallon kira ce kawai, giya ce haja. Kamfanonin giya ma sun gane haka tun tuni. Carling ya ɗauki nauyin gasar Firimiya daga 1993 zuwa 2001, Heineken kuma yana manne da gasar zakarun Turai tun 2005. Har shari'a aka yi a kan lamarin: Karen Murphy, mai wata mashaya a Portsmouth, ta ga kuɗin tashar Sky ya fi ƙarfinta, ta koma amfani da dikodar wata tashar Girka, maganar ta kai kotun Tarayyar Turai, wadda ta yanke hukunci a 2011.

A Azare abin a juye yake. Jihar Bauchi na aiki da shari'ar Musulunci tun 2001, kuma ko kafin nan babu mai mutuncin da zai kafa mashaya a tsakiyar unguwa a hedikwatar masarautar da Malam Ibrahim Zaki ya kafa da tutar Shehu Usmanu. Saboda haka mai gidan kallo kallon kansa yake sayarwa. Yaro na tsaye a ƙofa yana karɓar kuɗi, allo na jingine a waje an rubuta wasannin ranar da alli. Abin da za a ci da wanda za a sha kuwa, wasu ne daban suke sayarwa, kuma a nan ne lissafin yake da ban sha'awa.

Mai shayi shi ne babba a cikinsu. Teburinsa majalisa ce tun kafin a ƙirƙiro DStv, ƙwallo ta zo ta ƙara masa jama'a ne kawai. Ya san daren Talata da Laraba, na gasar zakarun Turai, ba kamar sauran darare ba ne, don haka yakan ƙara biredi da kiret ɗin ƙwai, ya tanadi katan ɗin indomi. Cinikinsa na zuwa ne a guguwa biyu. Ta farko ita ce hutun rabin lokaci, minti goma sha biyar cak, inda kowa ke son a sallame shi kafin a dawo fili; wannan lokacin na abin da za a ɗauka a hannu ne, awara da yaji a leda, ƙullin gyaɗa, tsinken tsire, guntun rake, zoɓo ko kunun aya mai sanyi. Ta biyu ita ce bayan an tashi, kuma ita ce mai tsoka. Babu mai gaggawa. Wanda ƙungiyarsa ta ci yana son ya zauna ya yi wa abokin hamayya tsiya, wanda aka lallasa ba ya son a ce ya gudu. Sai a yi haɗin kauri, a soya ƙwai, a tsaya gaban tukubar mai balangu, a sake buga wasan da baki tun daga farko. Sau da yawa abin da mutum zai kashe a nan ya ninka kuɗin shigar da ya biya.

Garin yana da bakunan da za su ci. Babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri ta ratsa ta Azare, direbobi da fasinjoji na yada zango. Ga ɗaliban Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh, ga na Jami'ar Sa'adu Zungur da ke Gaɗau nan kusa, ga Jami'ar Kimiyyar Lafiya ta Tarayya da aka kafa a 2021. Ɗalibin da ke haya shi kaɗai ba zai hura wuta da sha ɗayan dare ba. Mata dai ba sa shiga, sai dai yawancin zoɓon da awarar daga hannunsu suka fito, daga cikin gida.

Wanda ya tara wannan jama'a shi ne ya fi kowa jin jiki, wato mai gidan kallo. Kuɗin tasha kansa yake, kuma kamfanin MultiChoice mai DStv ya yi ta ƙara farashi a 2023 da 2024. Fetur kansa yake, kuma tun da aka cire tallafi a ranar 29 ga Mayun 2023 litar da ba ta kai naira ɗari biyu ba ta haura dubu kafin ƙarshen 2024. Ba zai dogara da wutar gwamnati ba, don ɗauke wuta ana shirin bugun fenariti ya isa ya kore masa 'yan kallo zuwa gidan maƙwabci. Idan ya ƙara kuɗin shiga, masu babbar waya su sayi data su kalla a ɗaki. Ni a ganina wannan rabo bai yi adalci ba: shi ke kiwon saniya, wasu na tatsa a bakin ƙofarsa. Ba laifin mai shayi ba ne, tsarin ne ya zo a haka.

Akwai masu ganin tunda babu giya, to an tsira. Ban yarda ba. Abin da ya shigo ta bayan gida ya fi kwalba wuyar gani. Caca ta koma cikin waya, ana iya zuba kuɗi a kan wasa ana zaune a kan benci ba wanda ya sani. Mai lura zai gane su: mutum ba ɗan Arsenal ba, ba ɗan Chelsea ba, amma ya kasa zaune saboda wasan wata ƙungiyar da ko garinta bai sani ba. Hisbar Kano ta rufe shagunan caca a 2024, kuma a watan Nuwamban shekarar Kotun Ƙoli ta ce jihohi ne ke da ikon tsara harkar, amma rufe shago ba ya rufe waya. Sai kuma lemun ƙarin kuzari da yara ke kwankwaɗa da tsakar dare kamar ruwa. Iyayen da ke ƙorafin 'ya'yansu na kai dare a waje, ko malamin da ke faɗa a kan wasan da ya cinye Magariba, suna da hujja. Gidajen da suka san ya kamata sukan shimfiɗa tabarma a gefe, a yi jam'i a koma.

Taro irin wannan ya taɓa zama abin tsoro. A watan Yunin 2014 bam ya tashi a wani wurin kallo a Damaturu ana wasan Brazil da Meziko, kuma kafin shekarar ta ƙare Azare kanta ta sha hare-hare a tashar mota da kasuwar waya. An yi zamanin da sai an laluba mutum kafin ya shiga. Wannan ya wuce, alhamdu lillahi, amma abin da ya faru a Kalaba a watan Afrilun 2017 bai kamata a manta ba, lokacin da babbar wayar lantarki ta faɗo kan rumfar kwano ana kallon Manchester United da Anderlecht, aka rasa rayuka. Rumfunanmu ma kwano ne, ƙofa ɗaya, wayoyi a tsirara, jarkar fetur a kusa da janareta mai zafi. Jami'in ƙaramar hukuma da ke zuwa karɓar haraji zai iya ɗaga kai ya dubi waɗannan.

Masu gidajen da suka farga sun fara gyara lissafinsu. Wanda ya samu jari ya ɗora sola a kan rufi, ya rage shan mai. Da rana, kafin a fara wasa, ya kunna wa yara PlayStation, ya buɗe cajin waya. Sannan ya sayi firiza ya ajiye daga ciki kusa da ƙofa, ya riƙa sarin zoɓo da kunun aya daga matan unguwa yana sayarwa da kansa. Shayi da tsire ya bar wa masu su, don wuta da hayaƙi ba sa shiga rumfa.