Fushin Budurwa Mai Zuwa da Lissafin Wata

A gidaje da yawa, idan budurwa ta koma mai saurin fushi, ko ta riƙa kuka ba dalili, ko ta shige ɗaki ta ƙi kula kowa, hukunci biyu ake yanke mata: a ce fitsarar balaga ce, ko a ce iska ce ta shafe ta. Da wuya a samu wanda zai tambaya ko halin nan yana da lokacin zuwa da na tafiya. Alhali wannan tambayar ce ke raba abin da jiki ya haddasa da abin da rayuwa ta jawo, kuma kowannensu maganinsa daban.

Ƙwayayen mace na fitar da sinadarai biyu da ake kira homon, wato isturojin da furojestaron. Bayan fitar ƙwai, kimanin kwana 14 kafin zuwan al'ada, furojestaron yakan hau, idan kuma ba a samu ciki ba sai dukansu biyun su sauka. Wannan hawa da sauka ba a mahaifa kaɗai yake tsayawa ba, yana taɓa sinadaran ƙwaƙwalwa irin su serotonin, wanda ke da hannu a barci da cin abinci da kwanciyar rai. Shi ya sa mata da yawa kan ji kasala da ciwon nono da ƙuncin zuciya gab da haila. Ga wasu kaɗan, waɗanda aka fi ƙiyastawa tsakanin kashi 3 zuwa 8 cikin ɗari, abin yakan tsananta har ya hana karatu ko ya dagula zaman aure. Likitoci na kiran wannan PMDD, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya shi a kundinta na cututtuka da aka amince da shi a 2019.

Mai shakka zai ce ai kowace mace na haila, me zai sa wata ta birkice 'yar'uwarta kuwa lafiya lau? Binciken da Peter Schmidt da abokan aikinsa suka wallafa a Amurka a 1998 ya amsa wannan. Sun dakatar da aikin ƙwayayen wasu mata da magani, sai alamomin masu fama da matsalar suka lafa. Da aka mayar musu da homon, sai alamomin suka dawo. Matan da ba su da matsalar kuwa babu abin da ya same su. Ke nan yawan sinadarin ɗaya ne, ƙwaƙwalwar wasu ce ta fi jin motsinsa. Saboda haka gwajin jini ba ya nuna cutar, kuma rashin ganinta a gwaji bai isa a ce yarinya ƙarya take ba.

Wasu na gudun kada wannan bayani ya zama lasisin rashin kunya. Amma sanin dalili bai ɗauke wa kowa nauyin abin da ya faɗa ba. Wadda ta san kwanakin da ranta ke ɓaci ta fi iya kame bakinta, ta ɗage maganar da ka iya zama rigima. Masu cewa iyayenmu mata ba su san wannan ba, su tuna cewa shirun mai haƙuri ba shaidar lafiya ba ce.

Akwai kuma kuskuren da ke ɗaya gefen, na jingina komai ga homon. Daga balaga, ciwon damuwa yakan kusan ninka tsakanin 'yan mata idan aka kwatanta da samari, sai dai sinadarai ba su kaɗai ke da laifi ba: auren dole, duka, cin zarafi da raba yarinya da makaranta duk suna ciki. Wanda ya ce wa mace mai ƙorafin gaskiya "al'adarki ce ta kusa" ya toshe mata baki ne. Baƙin cikin da ya wuce mako biyu ba ya ɗagawa, ko haila ta zo ko ta tafi, na iya zama ciwon damuwa mai buƙatar kulawa ta musamman. Haka na mai jego idan ya zarce makonni biyun farko. Ƙarancin jini da matsalar tayirod, halittar da ke kumbura ta zama maƙoƙo, su ma sukan zo da irin wannan kama.

Hanyar tantancewa ba ta cin ko kwabo. Yarinya ta riƙa rubuta yadda take ji kullum tare da ranakun hailarta, na aƙalla wata biyu. Idan alamomin na zuwa a makon ƙarshe su kau bayan jini ya fara, ta kai wa likita takardar. Akwai magunguna irin su fluoxetine da wasu nau'o'in ƙwayoyin tazarar haihuwa da ke taimakawa, amma da umarnin likita, tare da motsa jiki da isasshen barci. Addu'a ba ta hana zuwa asibiti. Duk yarinyar da ta fara cewa gara ta mutu, kada a jira lissafin wata; a kai ta asibiti ran nan, ko mafi kusa ko na ƙwararru irin na ƙwaƙwalwa da ke Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato, ko Maiduguri. Iyaye da mazaje, ku fara da tambaya kafin faɗa.