Komowar Ƙiba Bayan Tiyatar Tumbi, da Yadda Ake Tare Ta

Daga cikin ayyukan da likitocin fiɗa na wannan zamani suka ƙware a kansu akwai wata tiyata da ake yi wa mutumin da ƙiba ta yi masa katutu, har ta jawo masa ciwon sukari da hawan jini da ciwon gwiwa da sarƙewar numfashi a cikin barci, bayan an jarraba rage ci da motsa jiki da magunguna, duk abin ya faskara. Likita yakan yanki ɗan sashe daga saman tumbi ya ɗinke shi ya zama 'yar jaka wadda ba ta wuce girman ƙwan kaza ba, mai ɗaukar kamar mililita 30, sa'an nan ya yanke ƙaramin hanji, ya jawo bakinsa na ƙasa ya haɗa da jakar nan, ta yadda abinci zai bi sabuwar hanya, ya ƙetare sauran tumbin da farkon hanji ba tare da ya ratsa su ba. Ba a cire ragowar tumbin, yana nan a wurinsa yana zubo ruwansa, ruwan kuwa yakan tarar da abincin a can gaba inda aka sake haɗa hanjin.

Wanda ya fara wannan aiki saboda ƙiba shi ne Edward Mason, likita a Jami'ar Iowa ta Amurka, a shekarar 1966, bayan ya lura cewa waɗanda aka yanke wa wani sashe na tumbi saboda gyambon ciki sukan rame, ba su kuma cika sake yin jiki ba. Irin haɗin hanjin da ake yi a yau kuwa an samo shi ne daga César Roux, likitan ƙasar Suwizalan, wanda ya bayyana shi a ƙarshen ƙarni na 19 domin wasu larurori dabam. Tun daga shekarun 1990 aka koma yin aikin ta ƙananan huji da na'urar leƙa ciki, ba sai an tsaga mutum ba, kuma a yanzu akwai mutanenmu masu hali da ke tafiya Indiya ko Masar ko Turkiyya a yi musu.

To, abin da ba a cika faɗa wa mai shirin tafiya ba, ko kuwa akan faɗa masa amma murna ba ta barinsa ya ji, shi ne cewa ramar nan tana da iyaka. A watannin farko nauyi yakan zube da sauri har tufafi su yi wa mutum yawa, daga nan sai zubar ta yi sanyi, galibi kuma takan tsaya tsakanin shekara ɗaya da shekara biyu, bayan haka sai sikeli ya fara hawa a hankali. Wani babban bincike da aka fara a ƙasar Suwidin a 1987 ya nuna cewa waɗanda aka yi wa wannan tiyata sun rage kamar kashi 32 cikin ɗari na nauyinsu a shekaru biyun farko, amma bayan shekara 10 ragin ya tsaya a kamar kashi 25. Wani kuma da aka yi a jihar Utah, aka buga a 2017, ya sami kashi 35 a shekara ta biyu, da kamar kashi 27 a shekara ta 12. Idan muka ɗauki mutum mai kilo 140 muka yi masa wannan lissafi, zai sauko zuwa kilo 91, sa'an nan ya hau zuwa wajen 102 ya zauna a nan. Wannan ba asara ba ce, domin har yanzu ya sauke kusan kilo 40, kuma lafiyarsa ta fi ta da nesa ba kusa ba. Saboda haka ɗan hawan nan al'ada ce ta jiki, bai kamata ya tayar wa kowa da hankali ba. Abin tsoro shi ne hawan da ba ya tsayawa, wanda yakan komo da ciwon sukari da hawan jini a bayansa, kuma shi ne ke samun wani kaso na mutane, ko da yake ba su ne mafi yawa ba.

Sabubban wannan hawa ba duka suke hannun mutum ba, kuma adalci ya wajabta a faɗi haka tun kafin a fara yi wa kowa wa'azi. Tiyatar ba da ƙanƙantar tumbi kaɗai take aiki ba, bal ma babban aikinta shi ne canza sinadaran da hanji ke aikawa zuwa ƙwaƙwalwa domin sanar da ita an ƙoshi, shi ya sa a shekarar farko za ka ga wanda da ba ya iya wuce mai tsire bai tsaya ba, yanzu ko ƙanshin bai dame shi ba. Amma da tafiya ta yi nisa sai yunwa ta fara dawowa. Jikin da ya rage girma kuma ba ya ƙona abinci kamar da, balle idan tsoka ta tafi tare da kitse. Jakar da bakinta na ƙasa sukan ɗan buɗe da kaɗan kaɗan. Akwai kuma wani hali da yakan sami mai wannan tiyata idan ya ci zaƙi ko maiƙo, watau abincin ya faɗa hanji gaba ɗaya, sai zufa ta karyo, zuciya ta yi ta bugawa, jiri da tashin zuciya da gudawa su biyo baya. Wannan azaba takan zama mai gadi a watannin farko, amma ga mutane da yawa takan yi sauƙi daga baya, sai a wayi gari ƙofar zaƙi ta buɗe babu mai tsaronta.

Sai dai fa wani kaso na kilon da ke komowa ta hanyoyi biyu yake shigowa, kuma dukansu na ɓoye ne, domin mutum ba ya jin ya ci wani abu. Jakar nan tamkar mazurari take: abu mai ƙarfi yakan tsaya a cikinta ya daɗe, ya sa a ji ƙoshi, amma ruwa wucewa yake yi ba ya ko waiwaye. Don haka wanda ba zai iya cinye rabin malmalar tuwo ba yana iya shanye kwanon fura da nono an zuba sukari, ko kofin shayin mai shayi wanda madarar gwangwani ta sa ya yi kauri, ko kunu, ko zoɓo, ko lemun kwalba, ya tashi bai ji komai a cikinsa ba, alhali kwalbar lemo guda ta santilita 50 tana ɗauke da sukarin da ya haura ƙananan cokula 12. Wannan ita ce hanya ta farko. Ta biyu ita ce tsakure, watau ci kaɗan kaɗan ba ƙaƙƙautawa: gyaɗa a aljihu, biskit a ofis, cincin da dubulan da aka kawo daga gidan biki suna ajiye a gefen gado, loma ɗaya daga tukunya lokacin ɗanɗana gishiri, ragowar abincin yara don kada a zubar. Wuƙar likita ta ƙayyade abin da za a iya ci a zama ɗaya, amma ba ta da iko a kan yawan zaman, kuma wanda ya zauna sau 15 a wuni ya rushe aikin ko da bai taɓa cika faranti ba. Masu bincike a Jami'ar Pittsburgh, waɗanda suka bi sawun mutum fiye da 1,000 shekara da shekaru bayan tiyatar, sun sami cewa ɗabi'un da suka fi tafiya tare da komowar nauyi su ne yawan zama wuri ɗaya, da cin abincin kanti na gaggawa, da ci bayan an ƙoshi, da wannan tsakure na dukan yini, da kuma barin hawa sikeli.

Maganin waɗannan ba wani sirri ba ne, wahalarsa dawwama. Mutum ya tsayar wa kansa lokutan ci, sau uku a rana, da ɗan abin taɓawa sau ɗaya ko biyu idan mai kula da abincinsa ya yarda, a tsakani kuwa babu komai sai ruwa. Idan ya zauna, ya zuba a ƙaramin faranti, ya fara da abin da ke gina tsoka, kamar kifi ko kaza ko ƙwai ko wake ko awara, sa'an nan ganye da kayan miya, shinkafa ko tuwo su zo a ƙarshe in akwai sauran wuri. Ya tauna sosai, ya ɗauki kamar minti 20 zuwa 30, da ya ji alamar ƙoshi kuma ya janye hannu, ko da saura loma biyu. Likitoci sukan nemi a sami aƙalla giram 60 na furotin, watau abin nan da ke gina tsoka, a rana, kuma don mai karatu ya gane girman wannan, ƙwai ɗaya giram 6 kawai yake bayarwa, saboda haka babu gurbin da za a ɓata wa abin da ba shi da amfani. Akwai kuma hukuncin da ya fi yi wa mutanenmu nauyi, mu da muka saba ajiye moɗar ruwa kusa da akushi: ba a sha a kan abinci, sai an jira kamar rabin sa'a, domin ruwan yakan wanke abincin ya fitar da shi daga jakar da wuri, yunwa ta dawo tun ba a je ko'ina ba. Malamai sun daɗe suna karantar da ladabin raba ciki tsakanin abinci da abin sha da numfashi, to shi mai wannan tiyata sai ya raba su a lokaci, tun da wurin ba zai ɗauke su tare ba.

Wani abu da yakan yaudari mutane shi ne faɗuwar sukarin jini sa'a ɗaya zuwa uku bayan cin zaƙi ko farin gari. Jiki yakan saki, hannu ya yi rawa, sai mutum ya nemi alewa ya jefa a baki ya ji dama, jim kaɗan abin ya sake dawowa, a haka zai wuni yana maganin cuta da abin da ya kawo ta. Wanda ya ga haka a kansa ya gaya wa likita. Haka nan akwai magungunan da ke sa jiki, kamar wasu na taɓin hankali da damuwa, da allurar insulin, da ƙwayoyin nan na ciwon gaɓoɓi da asma waɗanda wasu ke sha don su yi ƙiba; kada a daina su gaba gaɗi, amma a tambaya ko akwai madadinsu. Motsa jiki kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya gaza minti 150 a mako, watau tafiya mai ɗan sauri ta rabin sa'a kwana biyar, a haɗa da abin da zai ƙarfafa tsoka sau biyu a mako. Ƙwayoyin bitamin B12 da na ƙarin jini da na ƙashi kuma na har abada ne, wanda ya bar su yakan yi ta fama da kasala, mai kasala kuwa ba ya fita tafiya.

A ganina, jarrabawar da ta fi tsanani ga namu mutanen ba a cikin hanji take ba, a zaure take da tsakar gida. Mun tashi cikin al'ummar da ke ɗaukar ƙiba alamar hutu da wadata, rama kuwa alamar ciwo ko baƙin ciki, saboda haka matar da ta sauke kilo 40 za ta sha tambaya. Ta je gidan surukai, a ajiye mata kwano cike, ta ci loma huɗu ta tsame hannu, sai uwar gida ta dube ta ta ce, “Haba 'yar nan, wannan ai cin tsuntsu ne. Ko abincin namu ne bai yi miki ba?” Kunya ta sa ta ƙara, gobe ma a wani gidan haka. Mafita ita ce a sanar da makusanta gaskiyar al'amari tun da wuri, a kuma riƙe amsa guda mai ladabi, kamar a ce, “Wallahi Inna, ya yi daɗi, likita ne ya ƙayyade mini, a zuba mini sauran in tafi da shi.” Wanda kuma da can abinci ne mafakarsa idan ransa ya ɓaci, to ya sani ɓacin ran yana nan bayan tiyata, kuma neman taimakon masanin halayyar ɗan Adam a kan wannan ba abin aibu ba ne.

Batun azumi ma yana buƙatar natsuwa. Likitoci galibi sukan hana azumi a watannin farko bayan aikin, saboda ƙaramar jaka ba za ta iya ɗaukar ruwan da jiki ke bukata tsakanin magariba da asuba ba, shari'a kuwa ta yi wa maras lafiya rangwame, sai a haɗa shawarar likita da fatawar malami. Wanda ya warware har aka yarda masa ya ɗauka, haɗarinsa yana wajen buɗa baki, inda kunu da lemo da soye-soye ke jere a kan tabarma, da kuma daren da akan kwana ana taɓa wannan ana taɓa wancan har sahur.

Sa'an nan sikeli. Sau ɗaya a mako, rana guda, da safe, a rubuta a littafi. Mutane sukan guje shi daidai lokacin da suka fi bukatarsa, domin wanda ya sayar da fili aka yi masa tiyata, dangi suka yi ta barka, yana jin nauyin a ce abin ya fara dawowa, sai ya daina hawa, ya daina zuwa asibiti, har kilo 3 su zama 20. Alhali likita yana da abin yi idan aka zo da wuri: yana iya duba abin da ake ci a gyara, yana iya zura na'ura ta baki ya ga ko bakin jakar ya buɗe da yawa, ko kuwa wata kafa ta ɓulle tsakanin jakar da tsohon tumbi, wani lokaci ma a ɗinke bakin ta wannan na'ura ba tare da fiɗa ba. Akwai kuma alluran rage ci irin su semaglutide, wanda Amurka ta amince da shi don ƙiba a 2021, da tirzepatide a 2023, waɗanda ake ba wasu bayan tiyata, ko da yake suna da tsada, kuma nauyi yakan dawo idan an daina. Sake fiɗa shi ne mataki na ƙarshe, haɗarinsa ya fi na farko.

Wanda aka yi wa aikin a ƙasar waje, kada ya baro asibitin sai da takardar da ke bayyana irin tiyatar da aka yi masa da tsawon hanjin da aka ƙetare, da jerin gwajin jinin da zai riƙa yi, sa'an nan da ya sauka gida ya nemi likita guda ya miƙa masa ita, su tsayar da ranar ganawa ko da sau ɗaya ne a shekara.