Maruru Sai Ya Nuna: Yadda Ake Jinyar Kumburi a Ƙasar Gwandu

Daga watan Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi kan haura digiri 40 a ƙasar Gwandu, da wuya ka shiga gida mai yawan yara ba ka tarar da wani yana tafiya a karkace ba. Ƙurajen zafi ne ke fara fesowa a wuya da goshi, yaro ya yi ta susa da farce. Kwana kaɗan sai ɗaya daga cikinsu ya yi tauri, ya yi ja, ya fara zogi. Maruru ke nan. Manya ma bai ƙyale su ba. Yakan fito a hamata, ko cinya, ko ƙeya, ko mazaunai, inda ya fi cin mutunci, don mai shi ba ya iya zama a tabarma, ba ya kuma son faɗin dalili. Taubasai kuwa sun samu abin yi har ya warke.

Ba kowane kumburi ake kira maruru ba, kuma tsofaffin mata sun fi kowa iya rarrabewa. In ƙullutu ya taso a matsematsi ko hamata, kafin su taɓa shi sai sun duba ƙafa ko hannu, domin sun san kaluluwa ba ta tashi haka kawai, akwai wani miki ko ƙaya da ta jawo ta. Wanda ya kama bakin yatsa ya hana barci, shi ne ɗan kakkare. Na fatar ido hazbiya. Akwai na nonon mai jego, wanda ke zuwa da zazzaɓi da rawar jiki, akwai na dasashi da ke kumbura kunci, sannan ga na zamani, wanda allurar da aka yi ba bisa ƙa'ida ba ke bari a ɗuwawu.

In ka tambayi dalilin maruru a Gwandu ko Kalgo, amsar farko ita ce zafi. Ana cewa zafi ya yi wa jiki yawa, jini ya yi datti, dattin ne ke neman hanyar fita. Wasu su ɗora laifin a kan cin maiƙo da gyaɗa, wasu a kan mangwaro, tunda lokacinsu ɗaya. In kuwa abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, wannan ya warke wancan ya fito, sai a fara raɗe-raɗin jifa ko hannun mutane. Likitoci sun ce wata ƙwayar cuta ce mai suna Staphylococcus aureus, wadda ke zaune a fata da cikin hancin mutane da yawa ba tare da ta cutar da su ba. Da ta samu ƙofa, ta gindin gashi ko wurin susa ko kaftar aska, sai ta shige. Jiki ya tura mata fararen ƙwayoyin jini, a gwabza, gawawwakin da suka taru su ne mugunya. Gumi da ƙura da tufa mai matse jiki suna taimaka mata, saboda haka masu cewa zafi ne ba su yi nisa da gaskiya ba. Mangwaro dai an zalunce shi.

Duk al'adar jinyar maruru a kan abu ɗaya ta tsaya: ba a taɓa shi ɗanye. Yaro ya kai hannu zai matsa, kaka ta buge hannun ta ce, "Bar shi shi nuna, ɗan nema!" Aikin gida duka na gaggauta nunar ne. Da asuba da kuma bayan isha'i za a ɗora ruwa a murhu, a tsoma tsumma, a matse, a gwada a bayan hannu, sannan a danna a wurin. Yaron na tsala ihu, yayarsa ta riƙe masa ƙafafu, uwar na lallashi tana cewa saura kaɗan. Wannan shi ne gashi, kuma ko a asibiti abin da za a ce a yi ke nan, don ɗumi na janyo jini zuwa wurin, mugunyar ta tattaru waje ɗaya.

Bayan gashi sai shafi. Nan kowane gida da abin da ya gada. Mafi yawa jar kanwa ake niƙawa a dama da ruwa kaɗan, a zagaye kumburin da ita, a bar tsakiyar a buɗe domin nan ake so ya yi ido. Wasu garin busasshiyar kuɓewa suke kwaɓawa da kanwar, yauƙin ya riƙe ta a fata. Wasu su daka ganyen dogon yaro ko na yakuwa su ɗaura. Albasa kuwa ba a nemanta da nisa a wannan yanki. Aliero da ake noma ta na nan kusa, kuma tun a 1853 Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, da ya sauka Gwandu zamanin Sarki Halilu, ya yaba albasar garin. Ana turbuɗa ta a toka mai zafi har ta yi laushi, a raba biyu, a kifa a kan marurun da ɗuminta, a ɗaure da ƙyalle a kwana da ita. Mai ɗan kakkare kuma za ka gan shi da lemun tsami a sanye a yatsa, an huda shi an cusa ɗan gishiri ko kanwa, yana tafe hannu a ɗage sama don in ya sauke zogin ƙaruwa yake yi.

Ranar da ya nuna, fatar kan yi sheƙi, tsakiyar ta yi fari, in an taɓa a ji ruwa na motsi a ciki. Sau da yawa da kansa yake fashewa cikin dare, a wayi gari zane ya ɓaci, mai shi ya yi barcin da ya kwana biyu bai yi ba. Amma tsofaffi ba su yarda an gama ba sai sun ga wani farin dunƙule mai kauri ya fito daga tsakiya. In bai fita ba, sun ce zai dawo, kuma haka ne.

Wanda ya yi zurfi ya ƙi yin ido, na wanzami ne. Wanzami ba aski da kaciya da cire beli kaɗai yake yi ba. Shi ne mai fiɗar unguwa. Zai zo da zabirarsa, ya durƙusa, ya lalluba kumburin da yatsu biyu. In ya ji da sauran tauri, zai mayar da askarsa ya ce a ci gaba da gashi, ya dawo jibi. In ya nuna, sai ya sa a riƙe masa mai ciwon, ya ja shi da hira, kafin ya ankara an tsaga. Wani lokaci ya kafa ƙaho ya zuƙe sauran. Akwai kuma sakiya, wadda ta fi tsaga ban tsoro: a sa siririn ƙarfe mai tsini a wuta har ya yi ja, a huda kumburin da shi. Wanda aka taɓa yi wa ba ya mantawa, tabon ma ba ya ɓacewa. A ganina, da duk azabarta, sakiya ta fi askar da aka tsaga wani da ita aka goge a tsumma, domin wuta ta kashe abin da ke jikin ƙarfen. Askar haɗaka kuwa tana iya ɗaukar ciwon hanta ko ƙanjamau daga wannan jiki zuwa wancan, shi ya sa wanzamai da yawa yanzu sukan ce mai ciwo ya sayo sabuwar reza.

Bayan an fasa, a wanke da ruwan ɗumi da gishiri, a barbaɗa garin bagaruwa don ya tsotse ruwan mikin, ko a shafa zuma. A gidajen malamai, waɗanda Gwandu ba ta rasa su ba tun da Shehu Usmanu ya sauka garin a 1805, ana haɗawa da tofi da rubutun sha da man habbatus sauda. Ba baƙon abu ba ne malami ya san magani a nan. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo da kansa, wanda hubbarensa ke cikin garin, ya wallafa littafi mai suna Masalihul Insan a kan abin da ke gyara addini da jiki.

Dattawan karkara suna kuma tuna wani kumburin da ba a yi masa gaggawa ko kaɗan, wato kurkunu. Ƙafa ta yi bororo ta fashe, zaren tsutsar ya leƙo, a naɗe shi a tsinke ana ja kaɗan-kaɗan har makonni, don in ya tsinke a ciki ƙafar ta rure. Yakan kwantar da manomi daidai lokacin noma. An ga na ƙarshe a Najeriya a 2008, Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da kawar da shi daga ƙasar a 2013. Yaran yanzu sai dai labari.

Cikin abin da aka gada akwai wanda ya kamata a yar. Nonon tumfafiya yana ƙona fata, in ya shiga ido kuma ya yi ɓarna. Kashin shanu ko ƙasa a kan buɗaɗɗen miki hanya ce ta ciwon sarƙe haƙora. Amma abin da ya fi damuna sabo ne, ba tsoho ba. Yau da ƙurji ya ɓullo, sai a aiki yaro kemis ya sayo kafso ja da rawaya guda biyu, a haɗiye ɗaya, a fasa ɗaya a zazzage a kan mikin. Ƙwayar cutar ba ta mutu ba, ta dai saba da maganin, gaba in an ba da shi don babban ciwo ya ƙi aiki. Mugunyar da ta riga ta taru kuwa, ƙwaya ba ta isa cikinta sosai; sai an buɗe mata hanya. Kakar da ba ta taɓa shiga aji ba ma ta san wannan.

Wanzamin da ya san aikinsa akwai kumburin da ba ya kai wa aska. Maruru tsakanin hanci da leɓen sama ba a matsa shi, don jijiyoyin wurin suna da hanya zuwa cikin kai. Na jariri, da na nonon mai jego, da wanda ya zo da zazzaɓi ko jan da ke yaɗuwa, da kumburin ƙashi a jikin mai sikila, duk na asibiti ne, ko babban asibitin Gwandu, ko na Sir Yahaya da ke Birnin Kebbi, ko cibiyar lafiya ta jiha da ke Kalgo. Magidancin da maruru ke yi wa zarya kuma, yana yawan ƙishirwa da fitsarin dare, kafin a zargi maƙwabci da jifa, a fara kai shi a auna masa sukari. Ɗigon jini ɗaya ne daga yatsa, sakamakon kuma nan take ake ba shi.